Malam Jibo da Motar da Ba Ta da Kulochi

"Malam Sabiru, giyar wagga mota mutuwa za ta yi. Ba yau ba, wataƙila ba gobe ba, amma bisa hanya za ta yi maka ita, kuma ranar da kake sauri."

Haka Malam Jibo bakanike ya faɗa mini a farkon daminar bana, yana goge hannu da tsumma, bai ko ɗago ya dube ni ba. Shi nake so in yi wa jinjina a gaban masu karatu, domin ya ce zai ajiye aiki ya koma wurin danginsa a ƙasar Tsafe, kuma na lura irinsa sukan tafi ba wanda ya ce musu sannu.

Duk wanda ya san Tudun Wada a Gusau ya san garejinsa, ko da yake babu allo babu suna. Rumfar kwano ce da bishiyar dogon yaro, sai ramin da ake shiga ƙarƙashin mota. Idan ya dawo daga masallaci da safe ya sha furarsa, yakan share wurin da kansa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Kafin ya tayar da ko wace mota sai ya zagaya duk waɗanda suka kwana a wurin, yana durƙusawa yana duba ƙasan da ke ƙarƙashinsu, ya ga abin da kowace ta ɗiga cikin dare. Ya ce haka mahaifinsa yake zagaya garke da safe yana duba kashin shanu. Bafulatani ne. Shanun gidansu sun ƙare yana saurayi, ya shigo Gusau ya yi yaron mota, daga baya ya samu shiga garejin wani kamfanin auduga. A can ne ya saba da motocin Turawa masu canja giya da kansu. Yanzu gemunsa ya yi fari, hannunsa ya soma rawa idan ya kama ƙaramin noti, shi ya sa ya ce ya isa haka.

Bala direba, mai jan ƙaramar bas tsakanin Gusau da Tsafe, ya ba ni labarin ranar da Malam Jibo ya shiga motarsa kamar kowane fasinja. Sun kusa Kwatarkwashi sai ya taɓa kafaɗarsa ya ce ya tsaya.

"Na ce Baba, in fitsari ne ka daure, ga gari nan," in ji Bala. "Ya ce ba fitsari ba ne, tayarka ta baya ce ke magana. Wallahi na zage shi a raina. Da munka sauka, notin tayar da hannu na kwance su. Mutum cike da mota, har da mai goyo."

Masu shayin bakin garejin sun shaida cewa yakan kori aiki fiye da yadda yake karɓa. Idan abu ba ya gyaruwa yakan faɗa tun mai motar bai zauna ba, kuma mutane da yawa sun yi fushi da shi saboda haka, sun tafi inda za a yi musu magana mai daɗi.

Tawa motar na same ta ne daga hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, lokacin ina malamin awon auduga. Tsohuwa ce, sitiyarinta a dama, tun ta kafin a koma tuƙi a hannun dama. Mitar da ke ƙirga tafiyarta ta cika ta zagayo ta sake farawa tun tana hannunsa. Ba ta da kulochi, totur ne kawai da birki, kuma a ƙauyenmu, can bayan Nahuce a ƙasar Bungudu, ita kaɗai ce mota. Mutane suna kiranta motar malalata. Ta kai amare, ta kai marasa lafiya, ta kai gawa.

Bara ta soma canjawa. Da safe idan na sa giya sai ta yi shiru kamar tana tunani, can sai ta yi ƙarar "dum" ta motsa. A kan hawa injin yakan yi ihu amma motar ba ta ƙara gudu. Ribas kuwa sai na jira har in fara jin kunyar masu kallo. Na kai ta wurin wani bakanike a Bungudu, ya ga man giyar ya yi ƙasa, ya cika shi da baƙin man inji, ya ce mai ai mai ne. Ta yi kwanaki kamar ta warke, sannan ta dawo fiye da da.

Ga abin da ya hana ni barci. Ina da 'ya, ita ce ta fari, don haka ba zan rubuta sunanta ba, a gida ma ban taɓa kiransa ba. Mijinta yana aiki a Kaduna. Cikinta na fari ya tsufa, aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta duba ta, ta gaya wa maiɗakina Uwa cewa ɗan a gicciye yake, kada a kuskura a bar ta ta haihu a gida, da an ga alama a kawo ta babban asibiti a Gusau. Uwa ta faɗa mini wannan tana kallon bango, ni ma na ji ina kallon wani bangon. Tsakaninmu da kwalta akwai hanyar burji da rafi da hawa mai yashi. Kuma uba ba ya zancen cikin 'yarsa ta fari, ko da amininsa. Saboda haka da na je wurin Malam Jibo, abin da na ce kawai shi ne motar tana ba ni wahala.

Bai buɗe komai ba tukuna. Ya ce in tuƙa, shi ya zauna a gefe ya ɗora tafin hannunsa a kan tudun da ke tsakanin kujerun gaba. Muka bi hanyar Sakkwato muka dawo. A gareji ya zaro sandar auna man giya, ya ɗiga a farin ƙyalle. Yana ajiye guntayen farin yadi da yake karɓa wurin teloli don wannan aikin kawai.

"Man wagga mota ja ne, kamar zoɓo," ya ce. "Dubi naka."

Nawa ya yi kalar ruwan kwata. Ya miƙo mini in shinshina, na ji ƙaurin tuwon da ya kama tukunya. Na gaya masa abin da na Bungudu ya zuba, ina jiran ya zage shi.

"Bai taɓa ganin irinta ba," ya ce. "Ni ma kafin a nuna mini, haka zan yi."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. A cikin giyar akwai fayafai da mai yake matsawa su kama juna, su ne suke yin aikin kulochi. Nawa sun cinye. Sababbi babu su a Gusau, zai aika direbobi su tambaya a Kano da Kaduna, amma bai sa rai ba, don irin motar ta ƙare a ƙasar. Na ce to a zubar da man duka a zuba mai kyau. Ya girgiza kai.

"Dattin da ke yawo cikin man, naman fayafan ne da sunka cinye. Yanzu da shi suke kamawa. In na zubar da shi lokaci guda na zuba sabo, sai su riƙa sulɓi, ko ƙofar garejin ga ba za ka fita ba. Kaɗan-kaɗan za mu rage, kaɗan-kaɗan za mu ƙara. Ba warkewa za ta yi ba, jinya ce."

A nan ne ya yi mini gargaɗin da na fara da shi.

Ya wanke matacin man, ya ɗaure abin da yake ɗauruwa, ya ce shi zai kai mini ita gida don ya ga hanyar da take bi. Da muka iso ƙofar gidana ya fito, sai idonsa ya sauka a kan tulin itacen da aka jibge a jikin katanga, ya kusa kai tsawon mutum. Kowa ya san gidan da ake tara itace haka da damina wankan jego ake jira. Ya dubi itacen, ya dubi rafin da muka ƙetaro, bai dube ni ba. Bai tambayi ko wace ce ba.

Ya koma cikin motar, ya yi ta fama da ita har ya juya ta, hancinta ya fuskanci hanya.

"Daga yau haka za ta riƙa kwana," ya ce. "Ribas ne zai fara tafiya, kada ka dogara da shi. Kuma ka daina fita da ita. Ba kasuwa, ba biki. Tafiyar da ta rage a cikinta ba ta da yawa, ban san ko nawa ba ce. A ajiye ta."

Na ce masa wannan ba zai yiwu ba. Mai mota a ƙauye ba shi da bakin cewa a'a. Idan na hana za a tambayi dalili, dalilin kuwa ba na faɗa ba ne.

Sai ya ɗaga bonet ya tokare shi da sanda, ya tura wani tsohon daro ƙarƙashin motar, ya rataya tsummansa a jikin madubi.

"Mota tana hannun bakanike," ya ce. "Wanda ke da magana ya same ni."

Ba ƙarya ya shirya ba, domin daga ranar duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan hau tsohon babur ɗinsa ya zo. Ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya tsiyaye ɗan man a daro, ya ƙara jan mai, ya ɗiga a ƙyalle ya duba. Wata Juma'a yayana Alhaji Ɗanlami ya same shi a kwance ƙarƙashinta. Alhaji yana so a kai amaryar ɗansa Furfuri, kuma ya riga ya gaya wa surukai da mota za a kawo ta.

"Kai Bafillace," in ji Alhaji, "saniya ce da za ka riƙa zuwa tatsa duk Juma'a?"

"Alhaji, ai saniya ta fi ta. Ita ko ba komai ana samun nono."

"To yaushe za ka gama? Ko sai ta haihu?"

Alhaji dai motar yake nufi. Malam Jibo ya fito da kansa daga ƙarƙashi, ya ce, "In na gama kai zan fara gaya wa." Alhaji ya tafi yana cewa an haɗa ƙaninsa da bakaniken da bai san aiki ba. Maganar ta zagaya ƙauyuka har ta kai Gusau. Malam Jibo ya ji, bai taɓa kare kansa ba. Aka kai amarya a akori-kura.

Kafin Malam Jibo ya tafi a wannan Juma'ar ya ajiye mini galan na jan mai da mazurari a but ɗin motar, ya ƙara mini karatu. Ya ce idan ta yi zafi a hanya za ta saki, injin zai yi ihu motar ba za ta tafi ba.

"Ƙafarka za ta so ta danna totur. Kowa da ke wurin zai ce ka ba ta wuta. Kada ka ba ta. Duk ihun da ta yi, sauran fayafan take ci. Ka kashe ta, ka jira. Kada ka yarda a tura ta da gudu a ce ka jefa giya, wannan na masu kulochi ne."

Na ce in jira har yaushe.

"Har ka iya ɗora hannunka bisa bututun sandar mai ba ka janye ba. Sannan ka tayar, ka auna, in ya ragu ka ƙara, ka sa ta a giya ta ɗaya, ka tafi kamar mai rakiyar tsohuwa."

Abin ya zo ne wata Laraba da la'asar, bayan an ɗauke ruwan sama. Uwa ta fito zaure ba mayafi, ta ce jini. Na sauke bonet, na ja daron gefe, aka shigar da yarinyar kujerar baya, Uwa a gefenta. Motar ta tashi, ta yi tunaninta, ta motsa. Muka ƙetare rafin lafiya. A tsakiyar hawan nan mai yashi sai injin ya ɗauki ihu, motar ta tsaya cak, ta fara zamewa baya. Na taka birki.

Manoman da ke noma a gefen hanya suka yar da fartanya suka rugo. Sun leƙa baya sun ga halin da ake ciki, suka kama motar ta ko'ina.

"Ba ta wuta, Malam! Ba ta wuta mu tura!"

Ƙafata tana kan totur, na ji tana dannawa da kanta. Na ɗauke ta, na murɗa makulli. Wurin ya yi tsit.

"Malam, kashe ta ka yi?" in ji Uwa daga baya.

Na ce a sa duwatsu a bayan tayu. Na fita na ɗaga bonet, na kai hannu bututun, ya ƙone ni. Wani dattijo cikin manoman ya ce, "Haba Malam Sabiru, rai fa ake magana." Wani ya ce tsoro ne ya kama ni, a nemo wanda ya iya tuƙi. Babu wata mota a hanyar, kuma ba a sa ran wata kafin gobe. Na tsaya a gaban injin ina kai hannu ina janyewa. Ban waiwaya kujerar baya ba. Ina jin numfashinta, ina jin Uwa tana karanta abin da ta iya. Can na ji yarinyar ta ce, "Baba, ba komai." Na sake kai hannu bututun.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai ga inuwar motar ta matsa. Da hannuna ya iya zama a kan ƙarfen, na tayar da ita, na auna, na ƙara mai. Na roƙi mutanen kada su tura sai sun ji ta kama da kanta, sannan su taimaka mata a hankali. Na sa giya ta ɗaya. Ta yi shiru. Ta ƙara yin shiru. Sai na ji "dum" ɗin nan da na tsana tun bara. Suka sa kafaɗa, muka hau. Daga nan har Gusau ban bar ta ta canja giya ba, masu keke suna wuce mu a kan kwalta.

A asibiti aka tsayar da jinin. Likita ya ce lokaci bai yi ba tukuna, da saura, amma kada a sake mayar da ita ƙauye, a zauna kusa. Da na zo fitar da motar daga inda na tsayar da ita, ribas ya ƙi shiga sam. Na aika wa Malam Jibo. Ya zo da Bala, suka tura ta baya da hannu, muka lallaɓa zuwa gareji. Ya ɗiga man a ƙyalle. Baƙi ne wuluk, da ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki. Ya naɗe ƙyallen ya sa a aljihu.

"Ta ba ka abin da ya rage mata," ya ce. "Ba zan ce maka za ta sake ba."

Na zauna a kan benci. Ba ni da kowa a Gusau da zan kai wa mata biyu, ɗaya da tsohon ciki. Yana jera sifanunsa, bayansa yana wajena, ya ce, "Ɗakin da ke kusa da na Dije ba kowa a ciki. Daga gidana zuwa asibiti ko da ƙafa ana zuwa. Ka gaya wa mutanen gidanka." Dije matarsa ce. Na ce al'ada a gidan iyaye ake haihuwar fari. Ya ce, "To ni da Dije mi ne?"

Kwana biyu bayan haka Bala ya je ƙauyenmu, ya lodo itacen nan duka a saman bas ɗinsa, ya sauke a ƙofar gidan Malam Jibo, 'yan tasha suna yi masa tsiya wai ya bar ɗaukar mutane ya koma sayar da itace. Daga baya ne Dije ta gaya wa Uwa cewa kayansu a ɗaure suke, sun yi niyyar yin azumin bana a ruga, har danginsa sun gyara musu wuri. Malam Jibo ya sa an kwance kayan. Da 'yan'uwansa suka aiko tambaya, ya ce a gaya musu akwai motar da bai gama ba.

Malam Jibo na Dije, makiyayin ƙarfe. Kai ne ka gaya mini gaskiyar da ban so ji ba tun da sauran lokaci. Kai ne ka ga itace a ƙofar gida ka gane, kuma har yau ba ka sa na faɗi abin da bakina ba zai iya faɗa ba. Kai ne ka bari aka ce ba ka iya aiki ba, a ƙarshen shekarun da ka yi kana aikin, don kada a tambaye ni dalili. Na gode. Allah ya saka maka, ya ba hannunka hutu, ya sa ka tarar da danginka lafiya.

Ga masu sana'a, musamman matasan da ke buɗe gareji yanzu da motoci suka yi yawa a gari, ina roƙonku ku je Tudun Wada kafin ya tashi. Ku ga yadda ake duba ƙasa da safe, ku koyi cewa "ban taɓa ganin irinta ba, bari in tambaya," ku koyi gaya wa mutum cewa abinsa ba zai gyaru ba. Masu mota kuma, idan bakanike ya faɗa muku magana marar daɗi, kada ku yi saurin canja gareji.

Ina rubuta wannan an shiga azumi. Motar tana ƙarƙashin dogon yaro, hancinta yana fuskantar hanyar asibiti, kamar yadda ya ce a ajiye ta. Duk safiya yakan durƙusa ya duba ƙarƙashinta tare da sauran. Daga Kano da Kaduna ba a samu fayafan ba, an ce a jira wani direba da ya tafi Ikko, wato Legas. Itacen yana nan a jikin katangarsa, an rufe shi da tabarma saboda ruwa. Yarinyar tana cin abinci, tana zagaya tsakar gida, Uwa ta ce ɗan bai juya ba har yanzu. Ban san ranar ba. Ban san ko motar za ta motsa idan ranar ta zo ba, kuma ban san ko mutum nawa za mu fito da su daga asibitin ba.